Kududdufin Unguwa Ba Juji Ba Ne

Ran nan da la'asar, hadari ya haɗo gabas ta yi baƙi ƙirin, sai na ji wata maƙwabciyarmu daga zaure tana ƙwala wa almajirinta kira: "Kai ɗan malam, yi maza ka juye sharar nan a kwata kafin ruwa ya sauko!" Yaro ya fito da bokiti biyu shaƙe da ledar fiya wata, ƙunzugun jarirai na zamani, ɓawon kankana, har da mushen kaza. Da na waiga, ashe rabin layin abin da suke yi ke nan. Mun mayar da ruwan sama motar kwasar shara.

To, ina ruwan zai kai kayan? Kududdufin bayan layinmu mana. Kududdufan cikin birnin Kano ramuka ne da kakanninmu suka ɗebi ƙasa suka gina badala da gidaje, daga baya suka zama masaukin ruwan damina. Ina yaro ana kama tarwaɗa a namu. Yau in ban da leda da kainuwa da sauro babu abin da ke ciki, warin kuwa sai ka toshe hanci. Mafi ban haushi, wasu da gangan suke kiran masu kura su zuba shara a gefe, in ciko ya yi ciko a yanka fili a dasa bulo. Ran da ruwa ya rasa masauki ya faɗo ɗakunan mutane, katanga ta zube, sai ka ji ana cewa ƙaddara ce. Wace ƙaddara? Da hannunmu muka toshe masa hanya.

Ruwan da ya tsallake kududdufi kuma rafin Jakara yake faɗawa, ya haɗu da na Getsi mai ɗauko dagwalon masana'antun Bompai, su zarce dam ɗin Wasai a Minjibir. A bakin wannan ruwa ake noman latas da kabeji da karas, a dam ɗin ake kamun kifi. Wato abin da kika juye a kwata da damina, Hajiya, yana iya dawo miki a faranti da rani.

To, mene ne mafita? Buhu ɗaya ya isa gida ya tara ledarsa daban, a ɗaure baki a kai bola, ko a ba mai kura a kuma tambaye shi inda zai zubar. Bakanike ya tara baƙin mai a jarka, akwai masu saye. Matasa su yashe kwata tun kafin ruwan fari, ba sai Asabar ɗin tsaftar muhalli ba, kuma a kwashe abin da aka yaso, kada a jibge shi a baki ya koma ciki.

Masu unguwanni, ku ake kawo wa takardar cinikin fili. In kun ga a bakin kududdufi yake, don Allah ku ƙi sa hannu.