Katantanwa a cikin dutse: kada ki zubar da tsintuwar ɗanki

Uwargida, idan yaro ya shigo gida da dutse mai siffar katantanwa ko wuri, dakata kafin ki haɗa shi da shara. Mai yiwuwa burbushin wata halittar teku ce da ta rayu shekaru miliyoyi da suka shuɗe.

Ga yadda abin yake faruwa. Laka mai laushi takan zubo ta binne ƙananan halittun da ke ƙasan teku, irin su tsutsotsi da dangin kaguwa, duk a lokaci guda. Saboda ƙarancin iska a cikin lakar, ba sa saurin ruɓewa. A hankali lakar ta daskare ta zama dutse mai falle-falle, idan aka tsaga shi sai a tarar da su kwance tare.

Wurin da ya fi shahara shi ne Burgess Shale a tsaunukan yammacin Kanada. Masanin Amurka Charles Walcott ne ya gano shi a 1909, kuma da matarsa da 'ya'yansa yake zuwa aikin. Zuwa 1924 ya tara samfuri fiye da 65,000. An ƙiyasta shekarun halittun sun kai miliyan 508, amma har idanu da hanjin wasunsu ana iya gani. Yanzu doka ta hana ɗaukar ko da tsakuwa daga wurin sai da izini.

Mu ma ba a bar mu a baya ba. Masana sun tabbatar cewa teku ya taɓa ratsa Sahara ya malalo har ƙasar Sakkwato. Shi ya sa ake samun ɓawon halittun teku a dutsen farar ƙasa na Kalambaina, wanda ake yin siminti da shi, da kuma na Ashaka a jihar Gombe.

Sai dai a matsayina na ma'aikaciyar jinya, dole in ja kunne. Kada yara su shiga ramin haƙar dutse, musamman da damina, domin yana ruftawa. Su tsinci wanda ke fili kawai, su juya dutse da sanda saboda kunama. A hana su fasa dutse da guduma. Idan ɓarɓashi ya faɗa ido, kada a murza, a wanke da ruwa mai tsabta, a garzaya asibiti. Idan yanka ya yi zurfi, a wanke da sabulu, a nemi allurar tetanus.

Ki ba yaron kwalin ashana ko gwangwani, ya rubuta wuri da ranar da ya tsinci kowane dutse, domin masana ba sa amfana sosai da samfurin da ba a san asalinsa ba. Wanda ya fita daban, a nuna wa malamin kimiyya ko sashen nazarin duwatsu na jami'a mafi kusa.

Ke fa, yaranki sun taɓa kawo irin wannan dutse? Faɗa mana garin da aka tsince shi a sashen sharhi.