Ƙusa ta taka ka a ɗakin kaji? Kada ka raina ƙaramin rami

Yau ba maganar abinci ko rigakafin kaji zan yi ba, maganar ƙafarku ce.

Duk mai shiga ɗakin kaji ya san yadda ƙusa ko guntun waya ke ɓuya a cikin burbushin katako. Masu kifi kuma ranar kamu akan shiga tafki ba takalmi, ƙayar tarwada ta soki tafin ƙafa, wani lokaci ma ta karye a ciki.

Irin wannan rauni mayaudari ne. Bakinsa ƙarami, jini kaɗan, amma yana da zurfi, ya tura datti can ciki sannan ya rufe. Ƙwayar cutar sarƙewar haƙora, wadda a asibiti ake kira tetanus, irin wurin da take so ke nan, inda iska ba ta shiga. Mutane na ɗora wa tsatsa laifi, alhali ƙwayar a ƙasa da kashin dabbobi take zaune, wato dai abin da muke takawa kullum. Ko sabuwar ƙusa ce fil, in ta kwana a kashin kaji, maganar ɗaya ce. Kuma cutar kan ɗauki kwana 3 zuwa 21 kafin ta bayyana, lokacin har ka manta.

To me za a yi? A wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, a yi ta kwarara shi na 'yan mintuna, a rufe da bandeji. Baƙin mai, kananzir, toka, ko dukan wurin da takalmi wai jini ya fita, don Allah a bari. A je asibiti a ranar. In allurarka ta ƙarshe ta wuce shekara 5, ko ba ka ma tuna ba, ka faɗa musu. Ka kuma faɗa in ƙusar ta ratsa silifas ne, don takan shigar da ɓarɓashin roba cikin nama. Ƙaya in ta karye a ciki, kada a tono ta da reza.

Kumburi, ja, mugunya, zazzaɓi ko nauyin muƙamuƙi, wannan ba na jiran gobe ba ne. Mai ciwon suga kuwa ya riƙa duba tafin ƙafarsa kowane dare, don yana iya takawa bai ji ba.

Ni a ganina, kafin ka ƙara kaji, ka saya wa yaran gona takalmin ruwa mai kaurin ƙasa, kuma in kafinta ya gama aiki a tsince ƙusoshi kafin a zuba burbushi.