Kwalliyar Sauya Kama: Jarin Farko Na Madafa, Kasuwa Na Nesa Da Lafiya

LAFIYA, Jihar Nasarawa. Cokali biyu na fulawa, ɗan basilin, auduga, sitacin rogo, kalar da ake zuba wa kek da kuma madubi: da waɗannan kawai matashi a garin Lafiya zai iya ƙaga wa hannunsa raunin da in mahaifiyarsa ta gani sai ta yi salati. Wannan ita ce kwalliyar sauya kama, wato sana'ar da ke samar wa 'yan fim jinin ƙarya, da tabon wuta, da saran adda, da furfura da tamoji a fuskar ɗan shekara ashirin. Kayan fara ta ba su kai kuɗin cefanen yini guda ba. Abin tambaya ga mai nazarin tattalin arziki shi ne ko abin da aka fara a madafa zai iya zama hanyar cin abinci.

Koyon wannan aiki ba tare da malami ba tsohuwar hanya ce. Dick Smith, Ba'amurken da ya tsofar da fuskar Marlon Brando a fim ɗin The Godfather na 1972, ilmin dabbobi ya karanta a Jami'ar Yale, kwalliya kuwa daga littafi ya koye ta yana gwadawa a kan fuskarsa. A 1965 ya wallafa ɗan littafi domin masu gwaji a gida, kuma cikin yaran da suka tashi da shi har da Rick Baker, wanda ya ci lambar Oscar da fim ɗin An American Werewolf in London na 1981. Jinin ƙaryar da Smith ya shahara da shi ba wani abu ba ne illa ruwan zaƙi na masara da kalar abinci. Bambancin yau shi ne wayar hannu da YouTube sun maye gurbin littafin.

Sai dai darasin da aka shirya a ƙasar sanyi domin farar fata ba ya zama daidai a Lafiya, kuma a nan ne mai koyo ke fara biyan kuɗin makaranta da asarar kaya. A watannin Fabrairu da Maris zafin garin kan haura digiri 35. Curin fulawa da basilin da aka gina tabo da shi yakan saki jiki ya zame tun kafin a ɗora kyamara. Jelatin, wanda ake narkawa da gilisarin a zuba ya yi kamar tsoka, yakan yi laushi da zarar gumi ya ratsa ƙarƙashinsa. Ga Musulmi kuma akwai ƙarin tambaya, domin wani jelatin ɗin daga fatar alade ake yin sa, sai an nemi na shanu ko na kifi. Jinin da aka haɗa da zuma ko narkakken sukari yana da kyan gani, amma gayyata ce ga ƙuda da tururuwa. Zoɓo, wanda ido zai fara kaiwa gare shi saboda araha, yana rinjaya zuwa shunayya, kuma ruwa-ruwa ne, sai an ɗaure shi da dafaffen sitaci an karya hasken jansa da ɗan garin koko.

Batun launi ya fi wannan wuya. Ƙurma a jikin Bature takan fito ja, ta koma shuɗiya, sannan rawaya, kuma haka akwatunan fentin da ake shigowa da su suke jere. A baƙar fata kuwa, kumburi da duhun wurin da ƙyallinsa ne ke nuna an bugu. Wanda ya kwaikwayi abin da ya gani a waya ba tare da ya dubi raunin gaske ba, a mahauta ko a jikin ɗan acaɓan da ya sha ƙasa, zai fito da aikin da ɗan kallo zai yi wa dariya. Wannan naƙasu ne, amma ta wata fuska jari ne, tun da ilmin da ba a sayar da shi a kwali shi ne wanda ɗan gida zai iya riga kowa mallaka.

Katangar gaske tana mataki na biyu. Duk wanda ya wuce wasan fulawa zai buƙaci ruwan roba na shafawa a fata, da silikon, da gam na musamman da maganin cire shi, da garin da likitocin haƙori ke ɗaukar siffar baki da shi. Galibin waɗannan daga waje ake shigo da su, ta Legas, da dala. A watan Mayun 2023 dala guda tana wajen Naira 460 a farashin hukuma. Bayan da aka saki Naira ta nemi darajarta a watan Yuni na shekarar, zuwa Fabrairun 2024 ta haura Naira 1,500. Wato kwalbar da farashinta bai motsa ba a ƙasar da aka yi ta, ta ninka fiye da sau uku a hannun mai saye a nan, ban da kuɗin mota, wanda janye tallafin man fetur ya ɗaga. Abin takaici shi ne Nijeriya na noman roba a jihohin Edo da Delta da Kuros Riba, tana kuma da cibiyar binciken roba a Iyanomo kusa da Benin, amma mai kwalliya na jiran kwalba daga ƙetare.

Tsadar ce ke tura masu koyo ga kasada. Gam ɗin sufa gulu yana ɗaye fata. Fentin gini ba na jiki ba ne. Garin filasta da ake silin da shi yana ɗaukar zafi yayin da yake daskarewa, ya kuma kama gashi, don haka ba a ɗora shi kai tsaye a fuska. Ruwan roba ma na gaske yana ɗauke da sinadarin amoniya mai cutar ido, kuma akwai jikin da ba ya karɓar roba sam, shi ya sa masana ke fara ɗiga shi a damtse su jira. Abin da ba shi da lambar hukumar NAFDAC, mai shafa shi ya zama shi ne ɗakin gwaji.

To, ina kasuwar? Fim ɗin bidiyo na Hausa ya soma ne a Kano da Turmin Danya a 1990, kuma har yau Kano ce cibiyarsa, sai Kaduna da Jos, inda Hukumar Fina-finai ta Nijeriya da makarantarta suke. Yawancin labaransa na soyayya ne da zaman gida, inda ake neman mai gyara fuskar amarya fiye da mai fasa goshin jarumi. Jerin shirye-shirye masu dogon zango, irin su Daɗin Kowa na tashar Arewa24 da Izzar So da aka fara a YouTube a 2020, sun ƙara yawan ranakun aiki, amma ba a Lafiya ake ɗaukar su ba. Manyan kuɗin na kudu, inda Hakeem Onilogbo, wanda aka fi sani da Hakeem Effect, ya yi suna da fina-finai irin su Oloibiri da King of Boys. Abin da ya rage wa ɗan Lafiya shi ne masu barkwancin waya, da wasannin ɗalibai a Jami'ar Tarayya ta Lafiya da ta jiha da ke Keffi, da kuma Abuja, tafiyar kamar awa uku ta Akwanga. Ƙananan ayyuka ne da ba sa zuwa kullum, saboda haka a lissafi kwalliyar biki ce za ta ciyar da ta fim, ba akasin haka ba.

Rance ma bai cika sauko wa wannan mataki ba. Tun da aka sake lissafin arzikin ƙasa a 2014, aka ga fim da waƙa na ba da kimanin kashi 1.4 cikin ɗari, hukuma ta waiwayi fannin, har Babban Bankin Nijeriya ya fito da shirin ba da rance ga masu ƙirƙira a 2019. Amma tsarin irin waɗannan shirye-shirye na mai kamfani ne da takardun rajista, ba na mai akwati ɗaya da buroshi biyar ba.

Akwai kuma haɗarin da ya fi na asarar jari. A jihar da ƙananan hukumomi irin su Doma da Awe da Keana suka sha fama da rikicin manoma da makiyaya, hoton saran adda na ƙarya da ya fita daga wayar mai shi ba tare da bayani ba zai iya yawo a WhatsApp da sunan wani ƙauye a ƙarƙashinsa. Mai tallata gwanintarsa ya wajaba ya nuna aikin tun daga auduga har zuwa jini, da rubutu a jikin hoton kansa.

Wata kasuwar kuma ba ta fim ba ce. A Uyo ta Jihar Akwa Ibom, John Amanam, masassaƙi da ya yi aikin sauya kama a fina-finai, ya juya ga ƙera yatsu da kunnuwa da hannaye na silikon bayan ɗan'uwansa ya rasa yatsu a haɗari, suka tarar waɗanda ake shigowa da su launin farar fata ne. Kamfaninsa, Immortal Cosmetic Art, ya samu masu saye a ciki da wajen Nijeriya, da hannu da idon da aka horar a kan raunin ƙarya.