Lokacin da Ya Dace a Yi Haƙa a Gona: Tafkin Kifi, Rijiya da Harsashin Gini

Gabatarwa

Yawancin manoma kan fara aikin haƙa ne a lokacin da kuɗi suka shigo hannu, wato bayan an sayar da amfanin gona. Amma ƙasa ba ruwanta da aljihun mutum. Rijiyar da aka haƙa da kaka takan ƙafe kafin bazara, ramin harsashin da aka tona a tsakiyar damina kuwa yakan cika da ruwa ya rufta. Saboda haka, Malam manomi, kafin ka kira masu haƙa, ka san irin ƙasarka, ka kuma san lokacin da ya dace da aikin da kake nufi.

Ka Fara Sanin Ƙasarka

1. Jigawa: tana da sauƙin haƙa a kowane lokaci, amma gefen raminta ba ya tsayawa, kuma ba ta riƙe ruwa.

2. Laka ko yumɓu: da damina tana zama taɓo, ta manne wa shebur, ta kafe mota. Da tsananin rani kuwa takan yi tauri har diga ya riƙa tsalle a kanta.

3. Baƙar laka, irin wadda ake samu a yankin Tafkin Chadi da kewayen Numan: takan kumbura idan ta sha ruwa, ta tsattsage idan ta bushe. Wannan motsi shi ke tsaga bangon gini.

4. Marmara: tana ɗaukar nauyin gini sosai, amma an fi samun sauƙin sararta tun da sauran danshi.

Ga gwaji mai sauƙi. Ka haƙa rami mai zurfin mita 1, ka ɗebo ƙasa daga can ƙasansa, ka ɗan jiƙa ta, ka dunƙula, ka jefa sama kamar rabin mita ka cafe. Idan ta wargaje, yashi ya yi yawa. Daga nan ka cika ramin da ruwa da safe, ka ƙara cika shi da yamma, ka rufe da ganye. Idan ka tarar da yawancin ruwan washegari, ƙasar tana riƙe ruwa.

Tafkin Kiwon Kifi

Lokacin da ya fi dacewa shi ne da zarar damina ta ɗauke, wato daga Oktoba zuwa Disamba a arewa da tsakiyar ƙasar nan. A kudu, inda ruwa kan kai Nuwamba, sai a jinkirta kaɗan. Dalili shi ne, gaɓar tafki ba ta yin ƙarfi sai an daɓe ta, ƙasa kuwa ba ta daɓuwa idan ta bushe ƙurmus ko ta jiƙe sharkaf. Ka kwashe ƙasar sama mai ciyawa da saiwoyi ka ajiye gefe. Ka riƙa zuba laka hawa-hawa, kaurin kowane hawa kamar santimita 15, kana daɓewa kafin ka ƙara wani. Idan gonarka tana bakin Kwara ko Binuwai, ka tambayi dattawa inda ruwa ya tsaya a ambaliyar 2012 da ta 2022, kada ka yi tafki a ƙasa da nan.

Rijiya

Ita rijiya akasin tafki ce. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana tasowa da damina, ya riƙa sauka a hankali har ƙarshen rani. Wanda ya haƙa da kaka zai sami ruwa da wuri ya yi murna, amma idan Afrilu ya zo sai guga ta dawo da taɓo. Don haka ka bari sai daga Maris zuwa Mayu a arewa, ko Fabrairu zuwa Maris a kudu. Ruwan da ka tarar a lokacin shi ne wanda za ka dogara da shi duk shekara. A ƙasa mai yashi, a riƙa sa kwalbati ko a ɗaure gefen da siminti yayin da ake sauka. Da yake zafin bazara kan wuce digiri 40 a wurare irin su Sakkwato da Maiduguri, a fara aiki da sassafe, a huta da tsakar rana.

Harsashin Sito ko Ɗakin Kaji

Ka tona tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin da hanya ta bushe, mota za ta iya kawo yashi da tsakuwa har gona. Kada ka bar rami a buɗe kwana da kwanaki. Ka tanadi kayan aiki tukuna, sannan a tona a zuba kankare. Iskar hunturu tana busar da kankare kafin ya yi ƙwari, saboda haka ka riƙa ba shi ruwa safe da yamma na aƙalla kwana 7. A baƙar laka a zurfafa harsashi, kuma ka nemi shawarar injiniya.

Kiyaye Rayukan Masu Haƙa

Ƙasar da ta cika fili mai mita 1 a tsawo da faɗi da zurfi takan kai nauyin tan ɗaya da rabi. Idan ta rufto wa mutum, da wuya a tono shi da rai. Don haka:

1. Ramin da ya kai ƙirjin mutum a tokare gefensa da katako, ko a kwantar da gefen.
2. A tara ƙasar da aka fitar aƙalla mita 1 daga bakin rami.
3. Bayan an yi ruwa, kada kowa ya shiga sai an duba ko gefen ya tsage.
4. Kada mutum ya sauka rijiya ba tare da igiya da mai tsaronsa a sama ba.
5. A kewaye rami da shinge saboda yara da dabbobi.

Kammalawa

A farkon kowace shekara hukumar NiMet tana fitar da hasashen faɗuwar damina da ɗaukewarta. Ka tambayi malamin gona na yankinku abin da aka ce game da jiharku, ka tsara aikinka yadda za a kammala aƙalla mako 2 kafin ruwan farko. Idan lokaci ya riga ya ƙure maka, ka ajiye kuɗinka zuwa baɗi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.