Ƙuri'a Ɗaya Ba Abar Rainawa Ba Ce

Ran nan ina koyarwa, sai wani yaro ya tambaye ni, "Malam, ina amfanin ƙuri'ar mutum ɗaya cikin dubbai?" Ga amsar da na ba shi, ko za ta amfani 'yan'uwana malamai.

A Amurka kowace jiha, babba ko ƙarama, wakilai biyu take aikawa Majalisar Dattawa, watau su 100 ke nan, kowanne ya yi shekara 6. Cikin Nuwamba 2008 aka yi zaɓen kujera ɗaya ta Jihar Minesota. Norm Coleman, mai riƙe da ita, ya kara da Al Franken. Mutum kusan miliyan 3 suka jefa ƙuri'a. Da aka ƙidaya, sai Coleman ke gaba da 215 kacal. Dokarsu ta wancan lokacin kuwa ta ce in tazara ta ƙanƙanta haka, tilas a sake ƙidaya da hannu. Aka bi takardun ɗai ɗai, sai ga Franken gaba da 225.

Coleman ya kai ƙara. Alƙalai uku suka sa aka buɗe waɗansu ƙuri'u na waɗanda ba sa nan ran zaɓe, waɗanda da aka ƙi bisa kuskure. Tazara ta zama 312. Sai ran 30 ga Yuni 2009 Babban Kotun jihar ya tabbatar wa Franken. Wata shida ke nan kujerar ba kowa.

To, na ce wa yaron, mutum 312 ai ko kasuwar ƙauye ta fi su. Da yayyafi kogi kan cika.