Zira'inka da Gwiwar Hannunka

Ya kai ɗalibi, duk lokacin da za ka yi alwala sai ka wanke hannuwanka har zuwa gwiwar hannu, kamar yadda aya ta 6 ta Suratul Ma'ida ta yi umarni. To, ka taɓa tambayar kanka abin da ke ƙarƙashin wannan fatar da kake cuɗawa?

Abin da muke nufi da zira'i a nan shi ne daga gwiwar hannu zuwa tsintsiyar hannu. Ƙasusuwa 2 ne a cikinsa, jere da juna: ɗaya ta wajen babban yatsa, ɗaya ta wajen ƙaramin yatsa. Su biyun suna haɗuwa da dogon ƙashin da ya sauko daga kafaɗa, wannan mahaɗa kuwa ita ce gwiwar hannu. In ka ɗaga tafinka sama don addu'a, ƙasusuwan biyu a miƙe suke. In ka kife shi don sujada, sai na wajen babban yatsa ya gitta kan ɗan'uwansa.

Tsokoki wajen 20 ne a zira'i. Na ciki, wato ɓangaren tafi, su ke lanƙwasa tsintsiyar hannu da yatsu. Na baya kuma su ke miƙar da su. Gwada ka gani: kama zira'inka na dama da hannun hagu, sannan ka dunƙule yatsunka ka buɗe. Ka ji naman yana motsi? To, yatsa ba shi da tsokar da ke lanƙwasa shi a jikinsa. Yawancin ƙarfinsa daga zira'i yake zuwa, ta wasu dogayen jijiyoyi masu kama da igiya. Ashe alƙalamin da kake rubutu da shi a allo, da taimakon zira'i kake riƙe shi.

Akwai kuma wata jijiya mai kai saƙo da ta bi ta bayan gwiwar hannu, dab da fata. Ita ce in ka bugi benci da gwiwar sai ka ji zirrr har ƙaramin yatsa da rabin na kusa da shi.

Yanzu ga inda nake so ka kasa kunne. Na farko, kada ka fizgi ƙaninka ta hannu, kada kuma ka ɗaga shi sama da hannu ɗaya. Yaron da bai kai shekara 5 ba, abin da ke riƙe da kan ƙashinsa a gwiwa bai yi ƙwari ba, yana iya zamewa. Sai ka ga yaro ya saki hannu ya ƙi amfani da shi.

Na biyu, yara kan faɗo daga bishiyar mangwaro su dafa ƙasa, sai ƙashi ya karye sama da gwiwar hannu kaɗan. Babbar jijiyar jinin da ke ciyar da zira'i ta gaban wurin take wucewa. In karaya ta danne ta, ko aka yi ɗori aka ɗaure tamau alhali hannu na kumbura, jini ba zai isa ga tsokokin ba. Cikin 'yan sa'o'i sai su fara mutuwa, daga baya yatsu su ƙanƙance, ba sa miƙuwa. Wani likita Bajamushe, Richard von Volkmann, ya yi bayanin wannan nakasa tun 1881.

Saboda haka in ka ga ciwo na ƙaruwa bayan ɗauri, musamman in an miƙe yatsun, ko sun yi sanyi, ko sun daina jin taɓi, maza ka faɗa wa manya a sassauta ɗaurin, a tafi asibiti nan take, kada a ce sai gobe.

Jikinka amana ne. Allah Ya ƙara mana lafiya da ilimi mai amfani, amin. Wassalam.