Daga Legas Zuwa Akara: Wa Baƙo Zai Amince Wa?

Duk wanda ya fara bin hanyar Legas zuwa Akara shi kaɗai, iyakoki uku ke jiransa: Seme, Hilakonji da Aflawo. Naira ta koma sefa, sefa ta koma sidi. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba shi kwana 90 ba biza, amma ba ta faɗa masa wanda zai amince wa ba.

A tafiyarmu ta farko, wani saurayi ya tare mu a Seme da fara'a, wai mu kawo fasfo ya je ya bugo mana hatimi. Wata hajiya 'yar kasuwa ta ja mu gefe, ta ce: "Ɗana, fasfo ba ya barin hannunka sai gaban jami'i." Duk biyun ba mu san su ba, amma ita ba ta nemi komai ba.

Kakanninmu fataken goro masu zuwa Gwanja sun san wannan. In sun isa zango, maigida suke nema, wanda kowa ya san ƙofarsa. Har yau baƙo a Nima ko Sabon Zango na Akara yakan fara da masallaci ko gidan sarkin zango.

Matambayi ba ya ɓata, amma a tambayi mai mazauni, ba mai zarya ba.